Libarba mai gajeren hanci da libarbar jami'an tsaro: Me ya bambanta su?

A garuruwa da ƙauyukan ƙaramar hukumar Sule Tankarkar da ke arewacin jihar Jigawa, bindigar da jama'a suka saba gani ita ce doguwar bindigar toka ta maharba da 'yan sintiri, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a rataya ta a kafaɗa kowa yana gani.

Irinta ce kuma 'yan bindigar sarki ke harbawa sama a lokacin hawan Salla a Gumel, hedkwatar masarautar da ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da kuma Sule Tankarkar.

Sai dai tun lokacin da matsalar 'yan fashin daji da masu satar mutane ta yi ƙamari a arewa maso yammacin Najeriya ake ta muhawara a kan ko ya dace talaka ya mallaki makamin kare kansa. A irin wannan muhawara, sau da yawa hankali kan koma ga ƙaramar bindigar hannu, wadda mutum zai iya yawo da ita ba tare da an sani ba.

Ɗaya daga cikin tsofaffin bindigogin hannu a duniya ita ce libarba, kuma ta kasu gida biyu da suka fi shahara: babbar libarbar aiki da sojoji da 'yan sanda ke ɗaurawa a ƙugu, da kuma ƙaramar mai gajeren hanci da ke shiga aljihu.

Idan aka gwada su a filin koyon harbi, babbar ce ke yin gaba a kusan kowane fanni. Abu guda ne kawai ƙaramar ta fi ta da shi, wato sauƙin ɓoyewa, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa hukumomi a ƙasashe da dama suka fi sa ido a kanta.

Mece ce libarba?

Kalmar libarba ta shigo Hausa ne daga sunan bindigar a Turanci, wanda ma'anarsa ita ce abin da ke juyawa.

A tsakiyar bindigar akwai wani ƙarfe mai siffar ƙaramar ganga, mai ramuka 5 ko 6, kowane rami da harsashi guda a cikinsa. Duk lokacin da aka ja kunama, gangar kan juya ta kawo sabon harsashi daidai bututun da zai bi ya fita, wanda ake kira hancin bindiga.

Wannan ne ya bambanta ta da fistol na zamani, wanda ake zuba wa harsasai a wani gida da ke cikin mariƙinsa, kuma yake tofar da kwanson harsashi da kansa bayan kowane harbi.

Ita libarba tana riƙe kwansonta a ciki har sai mai ita ya buɗe ya zazzage. Idan kuma harsashi ya ƙi tashi, sake jan kunama kawai ya isa ya kawo na gaba. Rashin yawan cijewa na daga cikin abubuwan da suka sa ta daɗe ana amfani da ita.

Wani Ba'amurke mai suna Samuel Colt ne ya yi rajistar samfurinsa a Amurka a shekarar 1836, kuma shi ne ya fara ƙera ta da yawa don sayarwa.

Rundunar sojin Birtaniya ta karɓi libarba samfurin Webley a 1887. Irinta ce hafsoshin Turawa suka saba ɗaurawa a zamanin da dakarun Lugga suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, shekarar da Sarkin Gumel Ahmadu ya amince da mulkin Birtaniya.

Asalin nau'o'in biyu

Libarbar aiki da ta fi kowace yaɗuwa ita ce wadda kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fara ƙerawa a 1899 domin sojoji da 'yan sanda, wadda daga baya aka sa wa suna Model 10. An ƙera sama da miliyan 6 daga cikinta.

Galibi tsawon hancinta inci 4 ne, wato kimanin santimita 10. Tana cin harsashi 6, kuma nauyinta ya kusa kilo 1.

Mai gajeren hanci kuwa ta yi suna ne daga 1927, lokacin da kamfanin Colt ya fito da Detective Special mai hanci inci 2, domin 'yan sandan ciki da ke aiki cikin farin kaya.

A 1950 Smith & Wesson ya biyo baya da Chiefs Special, wadda aka rage wa ganga ta koma cin harsashi 5 domin kada ta yi tudu a ƙarƙashin riga. Nauyinta ya ɗan haura rabin kilo, waɗanda aka yi jikinsu da alminiyom ma ba su kai haka ba.

Abin lura shi ne dukkansu harsashi iri ɗaya suke ci, wanda ake kira .38 Special. Don haka duk bambancin da za a gani a filin harbi daga girman bindigar yake fitowa.

Saiti

A filin koyon harbi akan kafa allon takarda a tazara daban-daban, alal misali mita 7 da mita 15 da kuma mita 25, a ba mai harbi bindigogin biyu ya gwada, sa'an nan a auna yadda ramukan harsasan suka taru ko suka warwatsu.

Mutane da yawa na zaton cewa gajeren hanci ne ke sa harsashi ya kauce. Amma idan aka ɗaure bindigogin biyu a jikin ƙarfe yadda ba za su motsa ba, bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne. A hannun ɗan Adam ne ratar ke buɗewa.

Dalili na farko shi ne saiti. Kowace bindiga na da alamar saiti biyu, ɗaya a bakin hanci, ɗaya a baya kusa da idon mai harbi, kuma sai ya daidaita su a kan abin da yake nufi.

A libarbar aiki tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ta kai kimanin santimita 15, a ƙaramar kuwa kimanin santimita 9 ce.

Lissafin a bayyane yake. Idan mai harbi ya kuskure daidaita alamomin da milimita 1 kacal, a tazarar mita 25 harsashin babbar zai kauce da kimanin santimita 17, na ƙaramar kuwa da kimanin santimita 28.

A tazarar mita 7 kaucewar kan ragu zuwa kimanin santimita 5 da santimita 8. Shi ya sa masu horar da harbi ke ɗaukar mai gajeren hanci a matsayin bindigar kusa da kusa.

Shuri da jan kunama

Dalili na biyu shi ne shurin da bindiga ke yi wa hannu a lokacin da harsashi ya fita.

Tun da ƙarfin albarushin ɗaya ne, bindigar da ta fi nauyi ita ce ke shanye shurin. Wadda ba ta da nauyi kuwa sai ta zabura sama, ta bugi tafin hannu.

Bugu da ƙari mariƙin ƙaramar gajere ne, sau da yawa ɗan ƙaramin yatsa ba ya samun wurin kamawa. Sakamakon haka mai harbi kan ɗauki lokaci kafin ya maido da saiti don harbi na biyu.

Sabon shiga kuma yakan fara tsoron shurin tun kafin ya zo, sai ya runtse ido ko ya danna bakin bindigar ƙasa, harsashi ya tafi wani wuri dabam.

Dalili na uku shi ne kunama. Idan ba a ɗana bindigar da babban yatsa ba, jan kunama shi ne zai juya ganga, ya ɗaga gudumar da ke bugun harsashi, sa'an nan ya sake ta. Wannan na buƙatar ƙarfin da ya kai na ɗaga kimanin kilo 5.

Ke nan mai riƙe da ƙaramar libarba yana sa ƙarfin da ya ninka nauyinta kusan sau 10 da yatsa guda, alhali ana so kada bakinta ya motsa ko kaɗan. A babbar ninkin bai wuce sau 5 ko 6 ba.

Ƙarfin harsashi da ƙara

Albarushi na ci gaba da tura harsashi ne muddin yana cikin hanci. Daga hanci mai inci 4, harsashin .38 Special na yau da kullum na fita da gudun kimanin mita 230 cikin sakan guda.

A gajeren hanci kuwa harsashin kan riga ya fice kafin albarushin ya gama aikinsa, don haka gudunsa kan ragu. Ragowar ƙarfin sai ya fito waje a matsayin walƙiya da ƙara.

Walƙiyar na iya ɗauke wa mai harbi gani na ɗan lokaci idan cikin duhu ne. Ƙarar kuma ta isa ta lalata ji, shi ya sa a filayen koyon harbi ake wajabta toshe kunne da sanya tabarau.

Ko wajen sake ɗuri ma babbar ta fi sauƙi, domin sandar da ke turo kwanso waje ta fi tsawo. A ƙaramar sandar gajera ce, wani lokaci sai an sa yatsa an zare kwanson da ya maƙale.

Duk da haka, kada a ɗauka cewa ƙaramar libarba wasa ce. A tazarar taku kaɗan tana kisa kamar yadda babbar ke yi.

Sauƙin ɓoyewa

Libarbar aiki an yi ta ne don a gan ta. Jami'i na ɗaura ta a ɗamara a kan kaki, ganinta kawai gargaɗi ne.

Mai gajeren hanci kuwa an yi ta ne don kada a gan ta. Wannan ya amfani 'yan sandan ciki da masu tsaron manyan mutane, amma kuma ya amfani masu mugun nufi.

A ranar 24 ga watan Nuwamban 1963, Jack Ruby ya kutsa cikin 'yan jarida a hedkwatar 'yan sandan birnin Dallas da libarba samfurin Colt Cobra mai gajeren hanci, ya harbe Lee Harvey Oswald, mutumin da ake tuhuma da kashe Shugaba John Kennedy.

Da irin wannan ƙaramar libarba aka kashe mawaƙin Birtaniya John Lennon a New York a watan Disambar 1980. Da wata ƙaramar libarba kuma aka raunata Shugaba Ronald Reagan a birnin Washington a watan Maris na 1981.

A ɓangaren jami'an tsaro kuwa, zamanin libarbar aiki ya shuɗe a yawancin ƙasashe. Tun daga shekarun 1980 fistol irin su Glock 17, mai cin harsashi 17, suka fara maye gurbinta. Rundunar 'yan sandan New York ta kammala janye ta daga hannun jami'anta masu sintiri a 2018.

A Najeriya ma, bindigar AK-47 ce aka fi gani a hannun 'yan sanda a shingayen bincike.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida 3.

Kashi na farko shi ne na haramtattun makamai. A ciki akwai igwa da roka da bama-bamai da gurneti da bindigogi masu sarrafa kansu da bindigogin yaƙi na soja. A cikin wannan jerin ne dokar ta sanya libarba da fistol kowane iri.

Shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba farar hula lasisin riƙe makamin da ke wannan kashi.

Kashi na biyu ya ƙunshi bindigogin farauta na zamani, kamar mai hanci ɗaya da mai hanci biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda.

Kashi na uku shi ne na bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin na maharba, waɗanda dokar ta bar lamarinsu a matakin jiha, ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda.

Dokar ba ta bambanta libarba mai dogon hanci da mai gajere ba, duka haramtattu ne. Ta kuma ambaci ƙaramar bindigar hannu mai amfani da ƙanƙara ko hular albarushi a cikin haramtattun. Ma'ana, gajeriyar bindigar hannu da maƙeri ya ƙera a ƙauye tana kashi ɗaya da libarbar da aka shigo da ita daga Turai.

Haka kuma dokar ta hana a yanke hancin bindigar farauta ya gaza inci 20. Wannan na nuna cewa ba ƙarfin makami kaɗai masu dokar suka duba ba, har da yiwuwar a ɓoye shi.

Hukuncin riƙe haramtaccen makami ba tare da lasisi ba shi ne ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984, wadda ita ma ta tanadi hukunci a kan mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

Ko a inda ake ba da lasisi, dokar ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai matsalar gani, da wanda aka samu da laifin tayar da hankali a cikin shekaru 5 da suka gabata.

Ba Najeriya kaɗai ke da irin wannan tsauri ba. Birtaniya ta haramta wa farar hula kusan dukkan bindigogin hannu a 1997, bayan kisan da wani mutum ya yi wa yara 'yan makaranta a garin Dunblane a watan Maris na 1996.

Yankin kan iyaka

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gumel. A ƙarni na 19 masarautar ta sha gwabzawa da Haɗeja da Kano da Damagaram, kuma Sarkin Damagaram Tanimu ya yi suna wajen tara bindigogi da ƙera igwa a birnin Zinder.

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels wadda ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a yawancin nahiyar Afirka, aka bar wa jama'a bindigogin ɗuri ta baki. Rabe-raben da ke cikin dokar 1959 na da kama da wancan tsari.

A yau Sule Tankarkar da Maigatari na kan iyaka da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, kuma iyakar ƙasashen biyu ta kai tsawon kimanin kilomita 1,500, da hanyoyin daji masu yawa.

Bayan faɗuwar gwamnatin Kanar Gaddafi a Libiya a 2011, makamai masu yawa sun bazu a yankin Sahel.

Cibiyar binciken ƙananan makamai ta Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 6 a hannun farar hula a Najeriya.

Ƙasashen ƙungiyar ECOWAS sun sa hannu a kan yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai a Abuja a watan Yunin 2006, ta kuma fara aiki a 2009. Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025.

A nata ɓangaren, Najeriya ta kafa cibiyar ƙasa ta yaƙi da bazuwar ƙananan makamai a 2021, ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro.

Muhawarar kare kai

A watan Maris na 2018 tsohon ministan tsaro Janar Theophilus Danjuma ya yi kira ga jama'a a Jalingo da su tashi su kare kansu. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi irin wannan kira.

A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta nemi 'yan jihar su nemi lasisin mallakar bindiga, amma babban hafsan tsaron ƙasar na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko.

Da Janar Danjuma ya maimaita kiran nasa a 2025, gwamnan Jigawa Umar Namadi ya nuna rashin amincewarsa, bisa hujjar cewa barin kowa ya ɗauki makami zai haifar da zaman kara-zube.

Masu goyon bayan kiran na cewa jami'an tsaro ba su wadatar ba, kuma sau da yawa sai an gama ɓarna suke isa ƙauye. Masu adawa kuma na cewa bindigar da aka saya don ɓarawo ita ce za a ɗauko ranar rikicin gona ko na siyasa.

Ga falken da ya taso daga kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis da kuɗin shanu a jikinsa, ƙaramar bindigar aljihu na iya zama abin sha'awa.

Sai dai abin da filin koyon harbi ke nunawa shi ne, tana daga cikin bindigogin da suka fi wuyar sarrafawa. Jami'an da ke riƙe ta sai sun yi ta maimaita atisaye kafin hannunsu ya faɗa, kuma harsashin da ya kauce wa ɓarawo a kasuwa ko a cikin mota yana iya samun wani.

Harsasai 5 a tazarar taku kaɗan ba za su yi wani tasiri ba a gaban gungun mahara masu AK-47, wadda gidanta ke cin harsashi 30, take kuma kai wa ɗaruruwan mitoci.

Ƙanƙantar da ke sa ta shiga aljihu ita ce kuma ke sa ta shiga hannun yaro idan aka ajiye ta ƙarƙashin matashi.

A ƙarƙashin dokar da ke aiki a Najeriya, duk farar hular da aka kama da libarba a Sule Tankarkar ko a ko'ina cikin ƙasar ba tare da lasisin shugaban ƙasa ba, babba ce ko ƙarama, yana fuskantar ɗaurin aƙalla shekara 10.